Makarar da Aka Kawo Ƙofar Ɗakina

Kwanakin baya wasu samari suka zo gidana da rikoda da littafin rubutu, wai ƙungiyarmu za ta buga tarihinta, an kuma gaya musu ni ne shugaba na farko da aka zaɓa, don haka a bakina za a ji yadda aka faro. Na sa aka kawo musu ruwa, na gyara zama, na shirga musu ƙarya mai kyau ta kusan awa guda. Na ce hangen nesa, na ce kishin jama'a, na ce mun ga zamani ya juya muka juya tare da shi. Suka rubuta, suka yi godiya, suka tafi. Mai ɗakina tana tsakar gida, duk a kunnenta. Da na shigo, ko kai ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba ta ce, "Malam, ban ji ka ambaci makara ba." To ga maganar makara nan, tunda an ƙi a bar ni in tsufa da mutuncina.

Na sauka Tudun Wada ta Zariya a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina saurayi, da takardar shaidar malanta a ƙasan akwati, an turo ni koyarwa a wata makarantar elementare. Tudun Wada unguwar baƙi ce a lokacin. Mutanen ƙasarmu ta can gabas suna da yawa a cikinta, akasari leburori da magina da masu gadi. Duk wanda ya sauko daga mota ko jirgi ya ce shi ɗan ƙasarmu ne, gida ɗaya ake nuna masa, gidan wani tsohon magini da kowa yake kira Baba. Ni ma can aka nuna mini. Wata takwas na yi a ɗakin da ke jikin zaurensa, ina cin tuwonsa safe da yamma, bai taɓa tambayata ranar da zan tashi ba.

A cikin zauren nan akwai makara ta katako jingine da bango, kusa da ita diga ɗaya da shebur biyu da wata tsohuwar buta. Ranar da na fara ganinta sai da na ja da baya. Ashe abin da nake kallo shi ne ƙungiyar gaba ɗayanta. Shekaru kafin zuwana wani ɗan ƙasarmu ya rasu a ɗakin haya, ba dangi ba kowa, aka yi ta yawon neman aron makara har rana ta take, daga ƙarshe a kan ƙyauren ɗaki aka kai shi. Abin ya ƙona wa Baba rai. Ya sari gwangwala ya ɗaure makara da hannunsa, da ta lalace kuma wani kafinta Ibo na Sabon Gari ya yi masa wannan ta katakon. Tun daga ranar, in an yi wa ɗan ƙasarmu mutuwa, zauren Baba ake dosa. Daga mutuwa aka zarce zuwa sauran abubuwa: baƙo a nema masa masauki da aiki, mata da miji a sasanta su, wanda aka kama a je a tsaya masa. Kowace Lahadi bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren a zauna. Abin ba shi da suna ko rajista, kuma ba wanda ya taɓa cewa Baba ne shugaba, don ba a ga abin faɗa ba.

Yadda suke yanke magana shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kafin Lahadi ta zo, Baba ya riga ya bi gida-gida da sandarsa, wai gaisuwa. In an zauna sai ya ce, "Na ji kamar mutane suna son a yi kaza." Kowa ya ce, "Haka ne, Baba." Shi ke nan an gama. Ni da na karanta yadda Turawa suke gudanar da taro, sai in koma ɗaki ina tsaki. Abokin tsakina shi ne wani malamin asibiti, tsarana, Kirista ɗan ƙasarmu. Shi ma yana zuwa zaman, domin digar Baba ba ta tambayar addinin wanda za a haƙa wa. Mu biyu ne kaɗai masu agogo a hannu, kuma mun tabbata duk wanda ke wurin ya san haka.

Abin da ya tunzura ni ƙarami ne, har kunyar faɗarsa nake ji. Wurin da muke binne mutanenmu ya cika, ana son a ƙara mana fili. Baba ya sa na rubuta takarda, na zuba mata Turanci har da wanda ni kaina ban tabbatar da ma'anarsa ba, shi kuma ya dangwala babban yatsansa a tawada ya manna a ƙasa. Na kai wani ofis. Akawun da na tarar ashe ajinmu ɗaya a makaranta. Ya karanta, ya kai idonsa kan tambarin yatsan nan, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ne shugaban naku? Ƙungiyar ma mene ne sunanta? Ina hatiminku?" Wallahi gumi ne ya karyo mini har cikin takalmi. Yatsan nan ya gina rabin gidajen layinmu, shi yake miƙo mini akushi kullum, amma ran nan da ƙasa za ta tsage da na shige saboda shi.

Na dawo na sayi littafin rubutu na tsara wa ƙungiya dokoki, shafi goma sha shida cif. Na raɗa mata suna mai tsawo. Na ware shugaba da mataimaki da magatakarda da mai tsawatarwa. Sashe na huɗu kuwa cewa ya yi, ba wanda zai zama shugaba sai wanda ya iya karatu da rubutun boko. Ran Lahadi na miƙe tsaye na karanta musu, a ƙofar zauren Baba, a kan tabarmar Baba. Sai na zo sashe na huɗu. Dattawa suka sunkuyar da kai. Baba ya ɗan jima yana murza goro a hannu, sannan ya ce, "Madalla, Malam. A yi yadda zamani ya zo da shi."

Dattawan ne suka ƙi. Suka ce in dai zaɓe za a yi, to a sa Baba a ciki, sashe na huɗu ya jira wani karo. Na ce na yi musu wannan alfarma. Ku ji fa, ni ne mai yin alfarma! Aka ce to wa zai tsaya tare da Baba? Malamin asibiti ya miƙe ya kira sunana, kamar yadda muka shirya tun ran Juma'a. Na ce a'a, ni yaro ne. Ya sake faɗa, na ce ina ni ina wannan nauyi. Da na ga kamar ba zai faɗa na uku ba, sai na yi maza na ce tunda jama'a sun matsa.

Na bayyana musu yadda ake yi: za a kira suna, mai so ya ɗaga hannu. Malamin asibiti ya kira Baba. Kowa ya ɗaga, har ni, don Baba yana kallona. Aka ƙirga, talatin da shida. Ya kira sunana. Kowa ya ɗaga, har Baba. Talatin da shida. Na ce a'a, ba ku gane ba, sau ɗaya mutum yake ɗagawa. Aka sake, aka sami abin da aka samu da farko. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya kamar ina aji. Sai wani tsoho mai gadin kanti ya ce, "Haba Malam. Ka kira sunan mutum, yana zaune yana kallona, ka ce in bar hannuna a cinya? Gobe da wane ido zan gaishe shi?" Aka yi ta gyaɗa kai. Aka kira magariba muka tashi da shugabanni biyu.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ce ai na san maganinsu. Mutum yana da hannu biyu, amma ba zai iya tsayawa wuri biyu ba. Lahadi mai zuwa a filin makarantarmu za a yi, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so.

Lahadi ta zo. Na sa fararen kaya da takalmi sau-ciki. Aka shimfiɗa wa Baba buzunsa a gindin mangwaro a gabashin fili, ni kuma na tsaya a yamma, kusa da guntun ƙarfen dogo da muke bugawa a matsayin ƙararrawa. Malamin asibiti ya ce bismilla, kowa ya bi nasa. Ba wanda ya motsa. Mutane suka cure a tsakiyar fili kamar tumaki sun ga ruwa. Wannan ya duƙa yana gyara takalmi, wancan ya tsira wa sama ido wai ko hadari ne, wani kuma fitsari ya matse shi nan take. Malamin asibiti kansa, wanda ya rantse zai fara tsayawa bayana, sai ga shi ya dage da goge gilashin agogonsa. Ina tsaye ni kaɗai, rana tana dukana, na fara jin cewa yau zan sha kunyar da ba a taɓa sha ba a Tudun Wada.

Sai na ga Baba ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ratso filin nan a hankali, ta tsakiyar mutane, suna darewa. Na ɗauka zai zo ya ce a bar wannan wasan yara. Sai ya wuce ni ya juyo ya tsaya a bayana, daf da ni, har ina jin ƙanshin goro da jar ƙasa a jikinsa. Mutane suka dubi juna, sai ga su ɗaya bayan ɗaya, dattawa a gaba, suna jerawa bayan Baba. Kafin a jima ba kowa a tsakiyar fili, gindin mangwaro kuwa sai buzu. Na ci zaɓe ba hamayya. Har jawabi na yi, rabinsa da Turanci, na koma gida ina hura hanci.

A lokacin na bar gidan Baba, na yi aure wata uku, muna zaune a ɗaki ɗaya a wani gidan haya bayan kasuwa. Ran Litinin da safe ina shan koko, ina ba amarya labarin yadda jama'a suka nuna mini ƙauna, sai muka ji sallama. Na leƙa. Magina biyu daga cikin mutanen Baba ne ɗauke da makara a ka, na uku yana biye da diga da shebur da buta. Matan gidan suka fasa salati. Wata ta yar da tulu. Mai ɗakina ta fito, tana ganin makara ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan mahaifinta, don ta tabbata shi ne ya rasu. Na ce, "Lafiya? Wa ya mutu?" Babbansu ya ce, "Ba kowa, Malam. Baba ne ya ce a kawo kayan shugaba." Suka jingine ta a ƙofar ɗakina, suka yi mini barka, suka tafi wurin aikinsu.

Mai gidan hayar ya ce ko kusa ba za ta kwana a zaurensa ba, yana da mata masu ciki. Matan gida suka ce ba za su riƙa wucewa ta gabanta suna zuwa madafa ba. Ƙarshenta cikin ɗakinmu ta shiga, ta tsaya a bayan ƙofa, kafaɗa da kafaɗa da jeren kwanonin amarya. Mai ɗakina ta lulluɓe ta da tsohon zane, sai ta ƙara zama abin tsoro. Ta ce mini, "Malam, wasu in mazansu sun sami girma keke ake kawowa gida." Kwana tara muka yi mu uku a ɗakin nan kafin in kafa mata 'yar rumfar zana a bayan gida.

Tun a rana ta biyu na garzaya wurin Baba. Na same shi a bakin aiki yana kwaɓa ƙasa. Na durƙusa na ce, "Baba, makarar nan ai ta saba da zaurenka, da an bar ta a can." Ya ce, "A'a, Shugaba." Ran nan ya fara kirana haka, bai kuma daina ba. "Makara gidan shugaba take kwana, don wanda aka yi wa mutuwa kada ya yi ta yawo yana tambaya. Ko dokokin naka sun faɗi wani abu daban?" Na dawo gida na bi shafi goma sha shida ɗin nan layi-layi. Akwai yadda ake neman izinin magana, akwai hukuncin wanda ya makara zuwa taro. Gawa ko sau ɗaya ban ambace ta ba.

Ba a yi wata guda ba aka buga mini ƙofa da sassafe. Wani lebura ɗan ƙasarmu, da ke aiki a wurin gurzar auduga, zazzaɓi ya ɗauke shi. Aka ɗauki makara, na bi su da fayil a hammata. Muna shiga gidan aka ce, "Ga Shugaba nan," mutane suka buɗa mini hanya suka zuba mini ido. Na yi gyaran murya. Na buɗe fayil na rufe. Abin da Allah ya kawo bakina shi ne, "Da farko dai, ina ganin ya kamata a naɗa kwamiti." Wani ya yi tari. Bazara ce, rana ta fara zafi, gawa kuwa ba ta jiran kwamiti.

Na waiga na hango Baba can baya, zaune a kan dutse cikin sauran mutane yana jan carbi, kamar kowa. Na tsallake ƙafafu na je na durƙusa gabansa, na rage murya na ce, "Baba, ban san ta inda ake farawa ba." Ya kara hannu a kunne ya ce, "Ɗaga murya, Shugaba, kunnen nawa ya yi nauyi." Mutumin da yake jin faɗuwar allura! Na maimaita da ƙarfi, duk gidan suka ji. Ya ce, "To. Cire agogon nan, ka naɗe hannun riga."

Ya miƙo mini karan dawa ya ce in auna tsawon mamacin in karya daidai, a ba masu haƙa su tafi da shi. Muka shiga ɗaki. Ya zauna a bakin ƙofa, bai taɓa gawar ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Yau hannunka ne." Ya sa na rufe wa mamacin al'aura, na naɗe hannuna da ƙyalle, na yi masa alwala, na fara da dama. Da na juya shi da ƙarfi sai Baba ya ce, "A hankali. Ɗan wani ne." Muka sa shi a likkafani. Da aka gama na ce bari in je in buga wayar tangaraho gida a sanar. Ya ce, "Waya? Wa zai karanta wa uwarsa, a tsakiyar kasuwa? Mutum ake aikawa, ya sauka wurin liman, liman ya san yadda zai shiga gidan."

A hanyar dawowa daga maƙabarta ina riƙe da gaban makara, shi yana tafe kusa da ni da sandarsa. Na kasa haƙuri na ce, "Baba, don me ka tsaya bayana ran nan?" Ya yi tafiya kaɗan kafin ya amsa. "Da na zauna a kan buzuna, da ko mutum uku ba ka samu ba. Da kunya ta kore ka daga cikinmu, ka tafi da sauran masu agogo. Mu kuwa muna bukatar mai rubuta mana takarda." Ya ƙara da cewa, "Amma ba zan ɓoye maka ba, Malam. Ka tsaya a ƙofar zaurena ka ce wanda bai iya boko ba bai isa ya ja mutane ba. Ya yi mini zafi." Nan ne wurin da ya kamata in ajiye makarar in faɗi in roƙe shi gafara. Sai na ce, "Ai ba haka nake nufi ba, Baba." Ya ce, "To," muka ci gaba da tafiya.

Ƙungiya kuwa ta haɓaka, wannan ba ƙarya na yi wa samarin ba. Muka sassaƙa hatimi. Muka mai da zaman Lahadi cikin ajin makarantarmu, a kan benci, da ajanda a allo. Mutanenmu na Hanwa suka buɗe reshe, sai masu dafa abinci da masinjoji da ɗalibai na Kongo, sai na Dutsen Abba. Daga nan abin ya bi layin dogo zuwa Kaduna da Gusau da Jos, har ya zama sau ɗaya a shekara shugabannin rassa suna haɗuwa a Tudun Wada, ni a kan kujera a tsakiya. Kowane sabon reshe kuma, kafin hatimi, makara yake fara yi, a kai ta gidan shugabansa, ba tare da kowa ya rubuta hakan ba. Filin maƙabarta ma an ba mu. Na daɗe ina cewa sa hannuna ne ya jawo, amma gaskiyar magana takardar ta yi watanni a kwance, sai da Baba ya je gaida wani babba da ya taɓa gina wa gida.

Baba ya zo zaman aji sau uku ko huɗu. Bencin yara ne, gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa a kai, sai ya zauna a ƙasa can baya. Daga nan ya daina zuwa. In an yi mutuwa dai ba ya fashi, yana bakin ƙofa yana gyara mini hannu, har na iya. Wata Lahadi na manta da wata takarda na biyo ta layinsu a kan keke, sai na gan shi. An shimfiɗa tabarmi uku a ƙofar zauren kamar yadda aka saba, shi kaɗai a kai. Ta cikin ƙofa ina hango bangon da ake jingina makarar a da, wurin ya fi sauran bangon haske. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Shugaba, a gaida jama'a." Na kusa faɗuwa daga kan keken don baƙin ciki, kuma na san sarai ni na jawo.

Ran nan na ƙudurta zan gyara. A babban taron shekara zan miƙe a gaban dukan rassa in ce na yi kuskure, a soke sashe na huɗu, a naɗa Baba uban ƙungiya, a mai da zaman Lahadi ƙofar zaurensa. Na rubuta jawabin, na karanta wa mai ɗakina, har ta yi hawaye. Sai na sa maganar a ƙarshen ajanda, ƙarƙashin sauran batutuwa. Aka yi ta gardama a kan launin tuta har aka kira magariba, ba a kai wurin ba. Shekara ta zagayo na sake sa ta a wurin. Aka sake kiran magariba. Na riƙa cewa lokaci ne ya ƙi, alhali ni nake rubuta ajandar, ni nake riƙe da agogo. Tsoro nake ji in buɗe baki a gaban mutanen Kaduna da na Jos in ce shugabansu ya taɓa yin wauta.

A damina ta ƙarshen shekarun hamsin, wata safiya bayan an sha ruwa, aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Babban ɗan Baba ne. Bai yi yawo yana tambaya ba, ya san inda makara take. Ya ce, "Malam, Baba ya cika. Ya kuma bar wasiyya kai za ka yi masa wanka."

Na cire agogo tun a hanya. Na auna shi da kara na karya. Na zauna a inda na saba zama, bakin ƙofa kuwa ba kowa. Na yi masa alwala na fara da dama. Da na ɗago hannunsa sai ga babban yatsan nan, faffaɗa, duk ya tsage, jar ƙasa ta zauna a cikin tsagar yadda ruwa ba ya fitar da ita. Na riƙe shi na kasa saki. Na ce, "Baba, ka yafe mini," da ƙarfi, yadda ya taɓa sa ni in ɗaga murya. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Layin gidansa ya cika da taɓo, mutane kuma sun yi yawa, har daga rassa na nesa waɗanda labari ya riska. Aka ce a kai shi filin makaranta, shi ne fili mafi kusa. Aka ajiye makarar a gabas, a gindin mangwaro. Malamin asibiti da sauran Kiristocinmu suka tsaya a gefe, huluna a hannu. Liman ya ce a daidaita sahu. Ba wanda ya duƙa gyaran takalmi, ba wanda ya dubi sama. Filin nan ya cika maƙil, sahu bayan sahu, kowa a bayan Baba. Ni ma na sami wuri a sahun farko na tsaya a bayansa, na makara da shekara shida.

Maganar da na ajiye a sauran batutuwa har yau ban faɗe ta a gaban jama'a ba. Sashe na huɗu wasu ne suka soke shi daga baya, ba ni ba. Jiya na aika a kira mini samarin nan su dawo da rikodarsu, na ce a gaya musu su tsaga abin da suka rubuta, su bar shafin farko fari, akwai wanda za a fara sawa. Mai ɗakina ta ce wannan karon a tsakar gida za a zauna, inda za ta ji da kyau.